Yadda na zaga gonakin inabin Afirka ta Kudu a kan keke

Akwai wata hanya da masu keken tsere na garin Stellenbosch suke yawan bi a ƙarshen mako. Takan tashi daga cikin gari ta haura tudun Helshoogte, ta gangara ta ratsa ƙauyen Pniel, ta miƙe har Franschhoek. Mai ƙarfin cinya yakan ƙara da hawa dutsen da ke bayan Franschhoek ya sauko, sannan ya nufi Paarl, ya biyo ta Klapmuts ya dawo gida. Duka zagayen kilomita 100 ne da 'yan kai, kuma kusan ko'ina ka waiga gonar inabi ce, daga bakin kwalta har gindin duwatsu.

Karatun aikin gona ne ya kawo ni jami'ar Stellenbosch, fannin ƙasa da ban-ruwa. Garin yana da nisan kamar kilomita 50 daga birnin Cape Town, an kafa shi a 1679, kuma arzikinsa ya dogara ne a kan inabin da ake matsewa a yi barasa. Ni Musulmi ne, ba na sha, ba na shiga ɗakunan da baƙi ke zama suna ɗanɗanawa. Amma gonakin kansu sun tsaya mini a rai tun zuwana. Ta tagar mota abin da kake gani shi ne fararen ƙofofi da layukan ganye suna wucewa da gudu. Ni kuwa so nake in ga ƙasar da aka dasa su a kai, in ga yadda ruwa yake isa gare su, in kuma ga masu aikin. Keke ne kaɗai abin hawan da yake da saurin kai ka nesa, yake kuma da jinkirin barin ka ka gani.

Matakin farko samun keken. Sabon keken tsere ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, don haka na jira ƙarshen shekarar karatu, wajen Nuwamba, lokacin da masu kammalawa suke sayar da kayansu. Wanda ya raka ni wani dattijo ne da muke sallah tare a masallacin Gujjatul Islam da ke titin Banhoek. Tsohon makaniki ne, ya daɗe yana hawan keke, kuma kowa Boeta yake ce masa, yadda Musulmin yankin suke kiran babban wa. Da muka je bai ko kalli fenti ba. Ya juya keken ya bi duk mahaɗar ƙarfen da yatsa yana neman tsaga. Ya murza kowace taya yana kallon tsakaninta da robar birki ko wilin ya karkace. Ya ja sarƙar daga jikin babban faranti don ya ga ko ta saki, ya duba haƙoran giyar baya ko sun cinye. Kekuna biyu ya ture gefe kafin ya tsaya a kan wani na alminiyam.

Na ce, “Boeta, wannan zai kai ni Franschhoek?”

Ya ce, “Keken zai kai, ɗana. Saura mu gyara mai hawansa.”

Abin da ya fi dagewa a kai shi ne giya. Farantan gaba masu haƙora 50 da 34 ne, waɗanda suka dace da tudu, amma babbar giyar baya haƙora 25 kawai gare ta. Ya sa na canza ta da mai 32, ya ce a kan dutse wannan bambancin shi ne tsakanin mai tuƙi da mai tura keke da hannu. Muka sa sabuwar sarƙa da sababbin robobin birki, da tayoyi masu faɗin milimita 28 saboda kwaltar karkara ba ko'ina take da santsi ba. Sirdi kuwa sai da ya zaunar da ni, ya ce in ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ya yi ta ɗaga shi har ƙafata ta miƙe sak. Da haka idan na maida tafin ƙafa sai gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, ba ta wahala. Sauran kayan su ne hular kwano, wadda doka ta wajabta wa mai keke a ƙasar tun 2004, da fitila ja ta baya, da gorar ruwa biyu, da famfon hannu, da tub biyu na ajiya, da faci da sholisho. Wandon tsere matsattse ne mai soso a ƙasa, kuma soson yana da amfani ƙwarai a doguwar tafiya, sai na riƙa ɗora wani sakakken wando mai rufe gwiwa a kansa.

Horon a kwarin Jonkershoek na yi shi. Hanya ce da take fita ta gabashin gari, tana bin kogin Eerste a hankali tana hawa, kimanin kilomita 10 zuwa ƙofar gandun dajin, motoci kaɗan ne. A can na saba da tuƙi ta hannun hagu, wanda ya ɗauki lokaci kafin ya zauna mini a jiki, musamman a shataletale. A can kuma na koyi yaren masu tafiya a ayari: yatsa a ƙasa na nufin rami, hannu a bayan ƙugu na nufin a kauce wa wani abu a gaba, buɗaɗɗen tafi na nufin za a rage gudu. Na fara da zuwa in dawo sau ɗaya, daga baya na koma ninkawa, sannan na fara gwada Helshoogte shi kaɗai. Boeta ya hana ni ƙara nisa da yawa a mako guda. Ya ce huhu yana saurin sabawa, amma gwiwa da baya da mazauni a hankali suke biyowa. A kan wannan hanyar ne ya gaya mini cewa kogin da muke bi yana faɗawa teku ne a Macassar, inda kabarin Shehu Yusuf yake. Malami ne daga tsibiran Indunusiya da Turawan Holan suka koro zuwa nan a 1694, ya rasu a 1699, kuma Musulmin Cape suna ɗaukarsa cikin iyayen addini a ƙasar. Tun daga ranar na daina jin kaina baƙo ƙwarai a wannan kwarin.

Zaɓen rana aiki ne mai zaman kansa. Damina a nan tsakiyar shekara take faɗowa, tare da sanyi, daga Mayu zuwa Agusta. Zafi kuwa daga Disamba zuwa Maris ne, kuma girbin inabi daga ƙarshen Janairu yake kamawa. Ni girbin nake son gani, saboda haka muka tsayar da Fabrairu, wanda shi ne tsakiyar zafi. Abu uku muka yi lissafi da su. Rana, wadda a kwarin Paarl takan haura digiri 35. Iskar kudu maso gabas, wadda takan taso da ƙarfi idan rana ta ɗaga, har mutanen yankin suna mata laƙabi da likitan Cape don tana share ƙazantar iska. Sai direbobi. Doka a lardin ta ce mota ta bar wa mai keke tazarar aƙalla mita 1, kuma galibi suna bari, amma daga azahar zuwa yamma hanyoyin nan sukan cika da baƙin da suka wuni suna yawon gidajen barasa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya yi sammako. Daren tafiya na ci shinkafa da wuri, na cika aljihunan rigar da dabino da ayaba da burodi mai man gyaɗa, na zuba ɗan gishiri da sukari a gora ɗaya, ɗayar ruwa zalla.

Muna idar da sallar asuba muka hau, mu huɗu, Boeta a gaba. Gari bai gama wayewa ba muka wuce unguwar Idas Valley, kwalta ta fara tashi. Helshoogte ba dogon hawa ba ne, abin da zai ɗaga ka bai wuce mita 250 ba, hanyar kuma mai faɗi ce da wurin keke a gefe. Wahalarsa ita ce yana zuwa jiki bai yi ɗumi ba. Na sauke giya tun kafin ƙafa ta nema, na zauna daram a sirdi, na riƙa murzawa da sauri-sauri ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Ƙa'idar da aka koya mini ita ce muddin kana iya yin magana jimla guda ba ka yanke ba, to kana daidai. Matasa biyun da ke tare da mu suka yi gaba, muka bar su. A hagu dutsen Simonsberg yake, tsayinsa kusan mita 1,400, rana ta fara taɓa kansa alhali mu muna cikin inuwa.

Daga ƙoli sai kwarin Banhoek ya buɗe, a nan ne kuma na fara ganin abin da ya fito da ni. Tun kafin ƙarfe 7 masu girbi sun yi nisa da aiki, domin ana son a yanke inabin da sanyinsa kafin rana ta dafa shi. Maza da mata ne cikin shuɗin kayan aiki, kawuna a ɗaure, kowa da ɗan almakashi. Suna tafiya a duƙe, suna cika akwatunan roba, mai ɗauka yana sungumar akwati a kafaɗa ya ruga zuwa tirelar tarakta. Na roƙi Boeta mu tsaya a bakin waya. Kurangar a jere take a kan wayoyi, tsayinta bai wuce ƙirjin mutum ba, a gindinta siririn baƙin tiyo yana ɗiga ruwa. Ƙasar ja-ja ce, ruɓaɓɓen dutse, irin wadda take riƙe danshi amma ba ta kwantar da ruwa. Tsakanin layuka an bar busasshiyar ciyawar da aka shuka da damina don ta rufe ƙasa. A bakin wasu layukan an dasa furen wardi, tsohuwar dabara ce, wai shi yake fara nuna alamar cutar farin ƙura kafin ta kama inabi. 'Ya'yan ƙanana ne, baƙaƙe, a cure, ba su kai rabin na ci da ake nomawa a Kudan kusa da Zariya ba. Manomin barasa da gangan yake ƙuntata wa kurangar ruwa idan ta kusa nuna, don 'ya'yan su tsuke zaƙi ya taru. Na karanta wannan a aji, amma ganin ganyen ya ɗan yi laushi da gangan, a gonar da ba ta rasa ruwa ba, ya fi zama mini a kai. Wata mata ta ɗago ta gaishe mu, Boeta ya amsa mata da yaren Afirkans, ta miƙo mana nonon inabi guda ta saman waya. Zaƙinsa har yana kama maƙogwaro, fatar da kauri, ƙwallaye cike da baki.

Gangarar ta kai mu Pniel, ƙauye mai ƙananan gidaje da coci a tsakiya. An kafa shi a 1843 domin bayin da aka 'yanta. Boeta ya rage gudu muka jera, ya yi ta ba ni labari. An fara matse barasa a Cape ranar 2 ga Fabrairun 1659, shekara guda bayan jiragen farko sun sauke bayi daga Angola da gaɓar Afirka ta Yamma. Daga baya aka riƙa kawo su daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indunusiya. Su suka sare dajin, su suka dasa kurangar, su suka gina fararen gidajen nan masu ado da ake ɗauka a hoto. An soke bauta a 1834, amma aka tilasta musu ƙarin shekara huɗu a hannun iyayen gidansu, sai a 1838 suka fita. Bayan haka sai wata al'ada ta ci gaba, wadda suke kira dop: a biya ma'aikaci wani ɓangare na ladansa da barasa, a ba shi safe da rana da yamma. An haramta ta a doka tun farkon shekarun 1960, amma ta daɗe tana gudana a wasu gonaki har cikin shekarun 1990. Illarta tana nan, domin yankin yana cikin wuraren da aka fi samun jariran da shan barasar uwa ya nakasa tun suna ciki. Ya kuma tuna mini yajin aikin da ma'aikatan gona suka fara a De Doorns a 2012, wanda ya sa aka ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa 105.

Na ce, “Boeta, ku fa? Danginku sun yi aikin gonakin nan?”

Ya ce, “Kakannina magina ne da teloli a cikin gari. Unguwarmu ita ce kewayen masallacin nan da muke sallah. A 1964 aka ce ta zama ta farar fata, aka kwashe mu. Masallacin ne ya rage.”

Ban sami abin cewa ba. Wannan ƙasa kyakkyawa ce ƙwarai, kuma ba na jin daidai ne mutum ya more kyanta bai san wanda ya biya kuɗinsa ba.

Bayan gonar Boschendal, wadda tarihinta ya koma 1685, muka iso mahaɗa muka karya dama muka hau titin R45. Nan hanya ta kwanta, muka shiga layi ɗaya, kowa yana fakewa a bayan na gabansa, ana karɓa-karɓa. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai yi mamakin yadda bin bayan wani da tazarar taku ɗaya yake rage wahala. Wata tarakta mai jan inabi ta cika hanya, muka sauka gefe muka ba ta wuri, ashe gefen cike yake da tsidau. Ba mu yi nisa ba tayata ta baya ta kwanta. Na maida sarƙa kan ƙaramar giya, na kwance wilin, na ɓanɓare gefe guda na tayar, na zaro tub. Sannan na bi cikin tayar da yatsa a hankali har na ji tsinin ƙayar na cire ta, domin idan ka bar ta sabon tub ɗin ma ita za ta ci. Na ɗan hura sabon kafin in saka don kada ya naɗe, na maida, na buga iska. Warin ruɓaɓɓen inabi daga wani gidan matsa da ke kusa ya cika wurin, wari ne mai tsami da yake bin duk yankin a watan girbi.

Franschhoek gari ne ɗan ƙarami mai titi ɗaya dogo, cike da gidajen abinci masu tsada. Faransawa 'yan Furotesta ne suka zauna a nan daga 1688, bayan da a 1685 sarkinsu Louis na 14 ya soke dokar da ta ba su 'yancin addini. Har yau gonakin sunayen Faransanci gare su, irin su La Motte da La Provence da Chamonix. Kafin zuwansu kwarin giwaye ake kiran wurin. A wani gidan mai muka cika gorunanmu, na ci ayaba da burodi. Ga wanda ba ya shan barasa akwai ruwan inabi zalla a kantuna, fari da ja, sai dai kwalabensa sukan yi kama da na barasar, don haka nakan karanta takardar jikin kwalba da kyau kafin in biya. Nama kuwa ba na taɓawa sai na ga tambarin halal. Matasan suka ce su a nan za su jira mu. Ni da Boeta muka bi titin har ƙarshensa inda ginin tunawa da Faransawan yake, muka karya hagu, dutse ya tsaya a gabanmu.

Hawan kusan kilomita 7 ne, kuma ba ya sassautawa. A kowace mita 100 da ka yi gaba kana tashi mita 6 ko 7. Farkonsa cikin gonaki ne da inuwar itatuwa, sai inabin ya ƙare, itatuwan su ƙare, a bar ka da duwatsu da gajerun tsirrai masu ƙananan ganye da ba a samun irinsu sai a wannan kusurwar duniya. Tun a kilomita na biyu na shiga giyar nan mai haƙora 32, ban kuma fita daga cikinta ba. Gudun bai wuce na mai sassarfa ba. Zufa tana zuba daga hular tana shiga ido, ina jin bugun zuciyata a kunne. Dabarar da ta taimake ni ita ce raba hanyar: daga nan zuwa waccan kwanar, daga kwanar zuwa wancan allon. A kwanoni masu kaifi nakan bi ta inda gangaren ya fi sauƙi matuƙar ban fita daga hannuna ba, in tashi tsaye a kan feda na ɗan lokaci don baya ya huta, in koma in zauna. Duk bayan ɗan lokaci in kurɓi ruwa ko ban ji ƙishi ba, in jefa dabino a baki. Boeta, da furfurarsa, yana gefena yana numfashi a natse. Sau ɗaya kawai ya yi magana, ya ce, “Saki kafaɗunka, ɗana. Ƙafa ce take aiki.” Na duba na ga na ƙanƙame kan keken har yatsuna sun yi fari. Da na saki sai numfashin ma ya buɗe.

Can sama muka iske garken gwaggon biri a bakin hanya, manya suna zaune a kan katangar kariya, ƙanana suna wasa. An riga an gargaɗe ni kada in fito da abinci a gabansu, kada kuma in tsaya. Muka wuce ta ɗaya gefen a hankali, ko kallo ba mu ishe su ba. Ƙolin ya haura mita 700 daga teku. Daga wurin tsayawar motoci ana ganin kwarin gaba ɗaya, gonakin sun zama ƙananan murabba'ai kore da ruwan ƙasa, madatsun ruwa na gonaki suna ƙyalli a tsakaninsu. Sojojin Ingila sun fasa hanya ta nan a shekarun 1820, kuma gadar dutse da suka gina a ɗaya gefen, Jan Joubertsgat, har yanzu motoci suna bi ta kanta. Wanda ya ci gaba ta can zai isa dam ɗin Theewaterskloof, mafi girma cikin masu shayar da Cape Town, wanda ya kusa ƙafewa a farin 2018. Na yi hamdala, na zauna a kan dutse har ƙafafuna suka daina rawa.

Saukowa ta fi hawan haɗari. Hannu a ƙasan lanƙwasar kan keken, yatsu biyu a kan kowane birki, nauyi a baya. Ana rage gudu ne tun kafin a shiga kwana, a cikinta kuma a saki, ƙafar da ke waje tana ƙasa tana danne feda, ido yana kallon inda za a fita. Ba a riƙe birki a ja shi tun daga sama har ƙasa, domin wilin zai yi zafi. A matsa, a saki, a sake matsawa. Abin da ya ci mini kusan awa guda a hawa, cikin 'yan mintoci ya ƙare.

Muka ɗauki matasan muka koma ta R45, a Wemmershoek muka karya dama zuwa R301. A kan wannan hanyar, tsakiyar gonakin inabi, gidan yarin Drakenstein yake, wanda a da ake kira Victor Verster. Ta ƙofarsa Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairun 1990 bayan shekara 27 a tsare. Akwai mutum-mutuminsa a bakin ƙofar, ya ɗaga dunƙulallen hannu. Har yanzu gidan yari ne mai aiki, mun ga mata da yara da ledojin abinci suna jiran shiga ziyara. Boeta ya ce a ranar yana cikin taron da ya yi dafifi a filin da ke gaban zauren birnin Cape Town, sun jira tun rana har magariba ta kawo jiki kafin Mandela ya fito ya yi jawabi.

Paarl ta tarbe mu da zafi. Tun daga nesa ake hango manyan duwatsunta, sulɓaɓɓu masu ƙoli a mulmule, kai ka ce Kufena ce aka ɗauko daga Zariya aka ɗora a kan tudu. Muka sake cika ruwa, na jiƙa ƙeya da hannayen riga. Daga nan zuwa gida kamar kilomita 30 ne, kuma su ne suka fi kowane sashe cin rai. Da muka wuce Klapmuts muka hau R44 muka fuskanci kudu, iskar da muke gudu ta riga ta taso, tana bugun mu a fuska ta gefen hagu. Hanyar ba dutse ba ce, tudu ne da gangare a jere, amma ko a gangaren sai ka murza. Motoci kuma sun yawaita. Muka matse layi, kowa ya ja gaba na minti ɗaya ya koma baya. Wajen gonar Kanonkop cinyata ta dama ta fara ɗaurewa. Na sauke giya, na shanye ragowar ruwan gishirin, na miƙe ƙafar a kan feda ina danna dunduniya ƙasa. Boeta ya ce wa matasan su karɓi gaba su kaɗai, ni in zauna a baya, haka aka yi har ta saki. A wannan gefen na Simonsberg na ga tsofaffin kurangu da ba a ɗora su a waya ba, kowace a tsaye da gindinta kamar ƙaramin kurmi. Da yawansu irin Pinotage ne, wanda wani malamin jami'armu, Abraham Perold, ya samar a 1925 ta hanyar haɗa iri biyu. Ko a cikin gajiyar sai da na lura ƙasar da ke gindinsu ta fi ta Banhoek ja.

Ƙarfe 1 ta wuce muka shigo Stellenbosch ta ƙarƙashin itatuwan oak da suka yi wa titunanta rumfa. Muka yi alwala muka ba da azahar, ruku'u da sujada da ƙyar saboda cinya. A gida na sha ruwa mai yawa, na ci abinci mai nauyi, sannan na wanke keken, na goge sarƙar na sa mata mai, na like tub ɗin da ya huje na maida shi jakar sirdi. Washegari na yi ɗan tuƙi mara nauyi a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya don tsamin jiki ya sake, kamar yadda aka umarce ni.

Bayan sallar Juma'a ta gaba Boeta ya kawo mini takarda ya zana wata hanyar da biro. Ta Wellington za a bi a hau Bainskloof, hanyar dutse da fursunoni suka fasa aka buɗe ta a 1853. Ya ce ta fi ta Franschhoek tsawo amma ba ta kai ta tsayuwa ba, sai dai siririya ce, kuma babu wurin sayen ruwa mai tabbas sai an sauka, don haka in nemi gora ta uku. Mun tsayar da watan Afrilu, bayan an gama girbi zafi ya karye.